Kashi biyu bisa uku na su wa? Tambaya kan ƙirga ƙuri'un gyaran kundin tsarin mulki

Malama Mai Alli

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, kuma ina roƙon wanda ya san aikin majalisa ko aikin zaɓe ya warware mini ita dalla-dalla.

Duk lokacin da aka zo gyaran kundin tsarin mulki, abin da muke ji a rediyo bai wuce magana biyu ba: ko a ce ƙuduri ya samu kashi biyu bisa uku, ko a ce ya faɗi. Daga nan sai a koma gardamar ko gyaran yana da amfani ko ba shi da shi. Ni abin da ke ci mini rai yana gaban wannan gardamar. Kashi biyu bisa uku na su wa? Na waɗanda suka zo zama a ranar, ko na dukan 'yan majalisa, har da wanda ke kwance a asibiti da wanda ya rasu ba a cike gurbinsa ba? Wa ke riƙe da alƙalami yana ƙirgawa? In ya gama, wa ke bin bayansa ya duba? Kuma hannun wa ne in ya hau takarda shi ke nan gyara ya shiga kundi?

Ni malamar sakandare ce, darasin gwamnati nake koyarwa. In zaɓen shugaban ƙasa ne ko na gwamna, yara sun san rumfa, sun san akwati, sun san ejan, sun san baturen zaɓe, sun san cewa wanda bai gamsu ba zai tafi kotu. Amma dokar da ta haifi waɗannan kujeru duka, in za a taɓa ta, ba su ma san ana ƙirga wani abu ba. Wannan yana damuna ƙwarai, domin gwamna shekara huɗu zai yi ko takwas ya sauka, amma layi ɗaya in ya shiga kundi zai iya mulkar jikokinmu.

Sai kuma ƙasashen da suke kai maganar gaban jama'a a yi ƙuri'ar raba gardama. Can ma ina son in sani: lalatattun ƙuri'u ana saka su cikin lissafi ko ana ware su? Wanda bai fito ba, ya ake ɗaukarsa? Na gode.

Tsohon Akawu

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara basira. Na yi shekaru a teburin akawu na wata majalisar dokoki kafin in yi ritaya, don haka bari in ɗauki ɓangaren Najeriya, in bar ƙuri'ar raba gardama ga waɗanda suka fi ni saninta.

Komai yana cikin sashe na 9 na kundin 1999. Gyara na yau da kullum yana bukatar kashi biyu bisa uku na 'yan kowace majalisa, dattawa daban, wakilai daban, kuma na dukansu, ba na waɗanda suka halarta ba. Sashen ya ma toshe ƙofar da kike tunani: ko da akwai kujerar da ba kowa a kanta, za a yi lissafi kamar a cike take. Sanatoci 109 ne, 'yan majalisar wakilai 360. Ke nan sai an samu 73 a can, 240 a nan. In sanatoci 80 suka zo, 70 suka ce e, 10 suka ce a'a, ƙudurin ya faɗi, ko da mai kallo a talabijin zai ga rinjaye ne babba. Wanda ya yi zamansa a gida da wanda ya ce a'a nauyinsu ɗaya ne a wannan lissafin. Shi ya sa mai son kashe ƙuduri ba sai ya fito ya ɓata da kowa ba, ƙin zuwa kawai ya ishe shi.

Akwai kuma wuraren da aka ɗaga katangar sama. In za a taɓa sashe na 8 da ya shafi ƙirƙirar jihohi, ko shi kansa sashe na 9, ko babi na huɗu na 'yancin ɗan adam, to kashi huɗu bisa biyar ake nema: sanatoci 88, wakilai 288.

Tunda lamba ake nema, ƙuri'ar murya ba ta wadatar wa. Wato abin nan da shugaban majalisa ke cewa masu goyon baya su amsa, marasa goyon baya su amsa, sannan ya buga guduma. Kunne ba ya bambanta 72 da 73. Da murya ana iya kashe ƙuduri tun a karatu na biyu, kamar yadda majalisar dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi wa ƙudurin tazarcen Obasanjo ranar 16 ga Mayu, 2006. Amma wucewa sai an ƙirga kai ɗaya bayan ɗaya. A ranar nan ta 2006 gyare-gyare sama da ɗari ne suka mutu tare da tazarce, domin an ɗure su a ƙuduri ɗaya. A 'yan shekarun nan an koma rarraba su, kowane batu da ƙudurinsa. Ranar 1 ga Maris, 2022, ƙudurori 68 aka kaɗa wa ƙuri'a da na'ura, kowane ɗan majalisa ya danna daga kujerarsa, lamba ta fito a allo. A ranar ne ƙudurorin da suka shafi mata suka faɗi, har mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa.

In ƙuduri ya tsallake majalisun biyu, akawun majalisar tarayya zai tura shi majalisun dokoki na jihohi 36. Sai 24 sun amince. Allah ya taimaka 36 tana rabuwa gida uku ba saura, ba kamar 1979 ba, lokacin jihohi 19, da sai da Kotun Ƙoli ta zauna a shari'ar zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Awolowo da Shagari kan ko kashi biyu bisa uku na 19 yana nufin 13 ne ko 12 da biyu bisa uku. A zagayen 2022 ƙudurori 44 aka tura jihohi, 35 suka samu adadin, cin gashin kan ƙananan hukumomi bai samu ba. A Maris 2023 Buhari ya sa hannu a kan 16, ciki har da na wutar lantarki da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali.

Yanzu zuwa tambayarki ta hannun wa. Ƙirga aikin akawu ne da ma'aikatansa, shugaban majalisa ya sanar, a rubuta a kundin bayanan zaman ranar, majalisa ta amince da shi a zama na gaba. Wannan kundin shi ne shaida, ba hoton bidiyo ba, ba labarin jarida ba. Sannan akawun majalisar tarayya ya tabbatar da cewa kwafin da za a kai fadar shugaban ƙasa shi ne ainihin abin da aka amince da shi. A 2010 majalisa ta ɗauka cewa da jihohi sun amince magana ta ƙare. Lauya Olisa Agbakoba ya kai ƙara, babbar kotun tarayya a Legas ta ce sai da hannun shugaban ƙasa, Jonathan ya sa hannu a Janairun 2011.

Abin da ya faru a 2015 shi nake so ki riƙe. Majalisa ta gama gyara, jihohi suka amince, aka kai wa Jonathan, ya ƙi sa hannu. Cikin gyaran akwai wanda ya taɓa sashe na 9 don a cire bukatar hannun shugaban ƙasa. Ɗaya daga cikin hujjojinsa ita ce bayanan zaman majalisa ba su nuna an samu kashi huɗu bisa biyar ba. Magana ta kai Kotun Ƙoli, wa'adin majalisar ya ƙare, aikin shekaru ya tashi a banza. Ana iya zarginsa da cewa kare ikon kujerarsa yake yi, amma ƙofar da ya bi, rubutun ƙirga ne ya bar ta a buɗe.

Malama Mai Alli

Baba Akawu, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wannan bayani ya buɗe mini ido. Amma wani abu ya tsaya mini. Ka ce a Abuja sai kashi biyu bisa uku na duka. To a cikin kowace majalisar jiha fa? Su ma haka ne? Kuma akwai wa'adin da aka yanka musu? In jiha ta ce e yau, gobe ta sake tunani, za ta iya janyewa?

Tsohon Akawu

A nan ne ramin yake, Malama. Kundin cewa ya yi majalisun jihohi su amince ta hanyar ƙuduri, bai ɗora musu kashi biyu bisa uku a cikin gidansu ba. Rinjaye na yau da kullum ya isa. Majalisar jiha ba ta gaza mutum 24 ba ta wuce 40, kuma kashi ɗaya bisa uku sun isa a buɗe zama. Ke nan a ƙaramar majalisa mutum 8 za su iya zama, rinjayen waɗannan takwas ɗin ya zama shi ne muryar jiha guda a kan kundin ƙasa. Ban ce haka ake yi kullum ba, amma doka ba ta hana ba. Kuma sau da yawa abin da ke isa Abuja takarda ce mai hannun kakaki da akawu, tana cewa mun amince da kaza, ba mu amince da kaza ba. Ba sunaye, ba lamba. Wa'adi kuwa kundin bai yanka ba, kuma bai ce komai kan janyewa ba.

Ɗalibin Shari'a

Sallama ga kowa. Baba ya gama da Najeriya, ni kuma bari in taɓa ɓangare na biyu na tambayar Malama, domin shi na fi karantawa.

Misalin da ya fi dacewa da maganar lalatattun ƙuri'u shi ne na Laberiya. Ranar 23 ga Agusta, 2011 suka yi ƙuri'ar raba gardama kan gyare-gyare huɗu, kowanne yana bukatar kashi biyu bisa uku. Hukumar zaɓe ta ƙirga, ta haɗa da lalatattun ƙuri'u cikin jimla, ta sanar cewa duka huɗun sun faɗi. Aka kai ƙara. A watan Satumba Kotun Ƙoli ta ce bai kamata a saka lalatattu a lissafi ba. Da aka cire su sai gyara na huɗu ya haura katangar da ƙyar, wato wanda ya ce ɗan majalisa zai ci zaɓe da rinjaye kawai ba sai an je zagaye na biyu ba. Ba a sake kaɗa ƙuri'a ko ɗaya ba, ba a sake buɗe akwati don neman maguɗi ba. Lambar da ake rabawa da ita ce kaɗai ta sauya, gyaran da aka ce ya mutu ya shiga kundi, kuma da shi aka yi zaɓen Oktoba na shekarar.

Shi ya sa nake ganin tambayar Malama ta "na su wa" ita ce uwar tambayoyin. Kamar awo ne, sai an yarda da mudu kafin a fara zuba hatsi. Kuma kowace ƙasa da nata mudun. A Ghana, sassan da aka ɗaure da kyau a kundin 1992 ba sa gyaruwa sai aƙalla kashi 40 cikin ɗari na masu rajista sun fito, sannan kashi 75 na waɗanda suka fito sun ce e. Katanga biyu ke nan, kuma ta farko tana ba masu adawa makami: maimakon su fito su ce a'a, sai su ce kowa ya zauna a gida. A Kenya, kundin 2010 ya ce sai kashi 20 cikin ɗari na masu rajista sun fito a aƙalla rabin gundumomin ƙasar, sannan a samu rinjaye. A Ostareliya sai an samu rinjayen ƙasa baki ɗaya da kuma rinjaye a jihohi huɗu cikin shida, shi ya sa cikin tambayoyi 45 da aka kai gaban jama'a 8 kacal suka wuce. A jihar Minnesota ta Amurka kuwa, ana saka tambayar gyara a takardar babban zaɓe, kuma wanda ya zaɓi 'yan takara ya tsallake tambayar, an ƙirga shi tamkar ya ce a'a. A Florida kashi 60 ake nema, saboda haka a 2024 wani gyara ya samu kashi 57 ya faɗi.

Ba na cewa wannan ya fi wancan. Kowanne yana da dalilinsa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a gama kaɗa ƙuri'a sannan a zauna tunanin yadda za a raba. Duk wanda ya yanke hukunci a lokacin, ko da gaskiyarsa, ya riga ya san wanda hukuncin zai amfana.

Kan wa'adi da janyewa, Amurka ta sha wannan gardamar a matakin tarayya. Can sai jihohi 38 cikin 50 sun amince, kuma wanda ke tabbatarwa shi ne shugaban taskar adana takardun gwamnati. Gyara na 27 an gabatar da shi tun 1789, ba a sa masa wa'adi ba, bai cika adadi ba sai 1992, aka tabbatar da shi bayan shekara sama da 200. Shi kuwa gyaran daidaita haƙƙin maza da mata majalisa ta amince da shi a 1972, ta sa wa'adin 1979, ta ƙara zuwa 1982. Jihar Virginia ta zama ta 38 a Janairun 2020, wa'adi ya daɗe da wucewa, jihohi biyar kuma sun riga sun ce sun janye. Masu goyon baya suna ƙirga 38, masu adawa suna cewa lissafin bai cika ba, shugaban taskar ya ƙi tabbatarwa. Shirun da Baba ya ce kundinmu ya yi kan waɗannan abubuwa biyu, irin wannan rikicin yake ajiye mana.

Hajiya Mai Akwati

Sannunku da ƙoƙari. Ɗana Ɗalibi, duk lissafin nan da ka kawo daga rumfa yake farawa, kuma a can ne ake yi masa illa ko a tsare shi. Na yi aikin wucin gadi a rumfar zaɓe, kuma ƙirgar e da a'a ba ta da bambanci da ƙirgar jam'iyyu, sai ma sauƙi da ta fi, tunda tuli biyu ne.

Kafin a buɗe akwati akwai lissafin da mutane ba sa kula da shi, alhali shi ne ginshiƙi. Takardu nawa aka ba ka da safe? Nawa suka rage ba a taɓa ba? Nawa suka ɓaci a hannun mai zaɓe ya dawo da su aka ba shi wasu? Mutum nawa aka tantance? In ka cire ragowar da ɓatattun daga abin da aka ba ka, abin da ya saura shi ya kamata ka tarar a akwati, kuma kada ya wuce adadin waɗanda aka tantance. In wannan bai daidaita ba, duk abin da za ka ƙirga bayansa yana da alamar tambaya. Sai an gama wannan ake zazzage akwati a gaban kowa, a ɗaga kowace takarda sama a gani, a ware, a ƙirga da babbar murya, a rubuta da lamba da kalmomi, ejan-ejan su sa hannu, kowa ya karɓi kwafinsa, a manna ɗaya a bango.

Ita lalatacciyar ƙuri'a ba daga sama take faɗowa ba, mutum ne yake yanke cewa ta lalace. Tsohuwa ta dangwala, ta naɗe takarda tawada ba ta bushe ba, ta shafi ɗaya gidan. Wani yatsansa ya hau layin da ke tsakani. Jami'in rumfa ne zai duba ya ce wannan ta shiga, wannan ba ta shiga ba. In gyara yana bukatar kashi biyu bisa uku, kuma ana saka lalatattu a jimla kamar yadda aka fara yi a Laberiya, to duk takardar da jami'i ya jefa gefe ya ƙara wa a'a ƙarfi ne, ko bai sani ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da ƙuri'ar raba gardama shi ne ejan. A zaɓen 'yan takara, mai neman kujera zai biya wanda zai tsaya masa har dare, domin kujerarsa ce. To wa zai tsaya wa a'a, musamman in gwamnati ce ta kawo gyaran, manyan jam'iyyu kuma duk suna tare da ita? In doka ba ta ba kowane ɓangare damar yin rajista da tura wakilai rumfa ba, za a yi ƙirga ne ba mai ja. Sai kuma yadda aka tsara takardar. A Kenya a 2005 sun sa ayaba ga e, lemo ga a'a, don wanda bai iya karatu ba ya gane, kuma lemo ya yi nasara.

Na kuma tuna da Turkiyya, 16 ga Afrilu, 2017, gyare-gyare 18 a tambaya ɗaya. A ranar zaɓen hukumar ƙoli ta zaɓe ta sanar cewa za a karɓi takardun da ba su da hatimin rumfa. E ta ci da kusan kashi 51 cikin ɗari. Wanda ya taɓa zama a rumfa ya san amfanin hatimin nan: shi ke nuna cewa takarda ta hannun jami'i ta fito, ba daga aljihun wani ba. Ko da a ce ba a yi maguɗin komai ba, sauya ƙa'ida a ranar ya isa ya hana rabin ƙasa yarda da sakamako.

Ɗan Jamhuriya

Gaisuwa ga iyaye da 'yan uwa. Hajiya, ni kuma zan ƙara da cewa ko rumfa ta yi aikinta, in an karya wanda zai tabbatar a sama, ba a yi komai ba. Nijar ta ga wannan a 2009.

Tsarin can a lokacin shi ne hukumar zaɓe ta CENI ta ba da sakamakon wucin gadi, kotun tsarin mulki ta duba ƙorafe-ƙorafe, sannan ta ba da na ƙarshe. Kundin Nijar na 1999 ya ƙayyade wa shugaban ƙasa wa'adi biyu, ya kuma hana a taɓa wannan ƙa'idar. Da Tandja Mamadou ya so tazarce sai ya bi ta hanyar sabon kundi gaba ɗaya. Ya rusa majalisar dokoki ranar 26 ga Mayu. Ranar 12 ga Yuni kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye, ta soke dokar da ta kira ƙuri'ar. Ranar 29 ga Yuni ya rusa kotun, aka naɗa wasu alƙalai. Aka yi ƙuri'a ranar 4 ga Agusta, 'yan adawa suka ƙaurace, aka sanar cewa kashi 92.5 sun ce e, kuma kashi 68 na masu rajista sun fito. 'Yan adawa suka ƙaryata adadin fitowar. To wa zai raba wannan gardamar? Kotun da za ta saurara ita ce wadda aka naɗa bayan an kori wadda ta ce kada a yi. Ranar 18 ga Fabrairu, 2010 sojoji suka kifar da gwamnatin, kundin bai cika wata bakwai ba.

Shi ya sa in aka ce mini a kai komai gaban jama'a, ni tambayata ta farko ita ce: wa ya naɗa masu tabbatarwa, kuma wanda ya kawo gyaran zai iya tsige su kafin a gama? Baba Akawu, ina son in ji ra'ayinka, domin ina jin masu cewa ya kamata Najeriya ta koma ƙuri'ar raba gardama.

Ɗalibin Shari'a

Yaya Ɗan Jamhuriya, kafin Baba ya amsa, ga ƙasar da kotu ta tsaya da ƙafarta a irin wannan. A Ailan, in an gama ƙirga, jami'in da ke kula da ƙuri'ar yana fitar da takardar shaida ta wucin gadi, a ba da kwana bakwai ga mai son ƙalubalanta a babbar kotu. In an shigar da ƙara, shugaban ƙasa ba ya sa hannu sai an gama. A Nuwamban 2012 sun yi ƙuri'a kan haƙƙin yara, e ta ci da kashi 58. Amma kwana biyu kafin zaɓen Kotun Ƙoli ta riga ta ce gwamnati ta yi amfani da kuɗin jama'a wajen bayanin da ya karkata ga ɓangare ɗaya. Aka ƙalubalanci sakamakon a kan wannan. Kotu ta kori ƙarar a ƙarshe, amma ba a sa hannu a gyaran ba sai Afrilun 2015. Shekara biyu da wata biyar gwamnati tana jira.

Tsohon Akawu

Ɗana Ɗan Jamhuriya, ni ban ƙi ƙuri'ar raba gardama ba. Kundinmu ma ya san da ita a sashe na 8, wajen ƙirƙirar sabuwar jiha, kuma da ita aka kafa yankin Tsakiyar Yamma a 1963. Amma kafin mu ɗauki sabon kaya, mu gyara ɗaurin wanda ke kanmu. Ƙirga mutum 109 da 360 da 'yan majalisun jihohi ya fi ƙirga miliyoyi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ko shi ba mu kai inda ya kamata ba.

A Yulin 2017, da aka kaɗa ƙuri'a kan rage shekarun tsayawa takara, matasa sun bi abin daga Abuja har jiha-jiha, suna wallafa wace majalisa ta amince, wace ce ba ta zauna ba, har Buhari ya sa hannu ranar 31 ga Mayu, 2018. Su suka yi wa kansu wannan bibiyar. Ni abin da nake nema shi ne ya zama wajibi a doka. Duk majalisar jihar da za ta aika ƙudurinta Abuja, ta haɗa da jerin sunaye: wane ya ce e, wane ya ce a'a, wane bai zo ba, da ranar zama, da hannun akawu. A Abuja ma lambar da ke fitowa a allo ba ta isa ba, a buga sunayen a kundin zaman ranar. A yanka wa jihohi wa'adi, a kuma rubuta ƙarara ko jiha na iya janyewa. Wa'adin da janyewar sai an taɓa sashe na 9, wato sai sanatoci 88 da wakilai 288 da jihohi 24. Amma wallafa sunaye ba ya bukatar gyaran kundi ko kaɗan. Kowace majalisa tana da ikon tsara dokokin zamanta, za ta iya saka shi a zama ɗaya in ta ga dama.